Hakin Jariri Sabon Haihuwa: Kada A Jira Ranar Suna

A Furana da sauran garuruwan Ikara, Makarfi da Kudan, mata da yawa a gida suke haihuwa a hannun ungozoma. Wani lokaci jariri ya kan faɗo lafiya, amma kafin a gama yi masa wanka sai a ga yana haki kamar wanda ya sha gudu, hancinsa na buɗewa, yana ɗan nishi.

Dalilin wannan shi ne, tun yana cikin mahaifa huhunsa cike yake da ruwa. Naƙuda da kukan farko su ke sa jiki ya tsotse ruwan, iska ta sami wurin shiga. Idan ruwan ya yi jinkirin janyewa, dole numfashi ya yi sauri. Wata likitar Amurka, Mary Ellen Avery, ita da abokan aikinta suka fara bayyana wannan larura a 1966. An fi ganinta ga jariran da aka ciro ta hanyar tiyata kafin naƙuda, da waɗanda ba su cika wata tara ba, da 'ya'yan masu ciwon sukari ko asma.

Maganinta kulawa ce. A asibiti a kan ɗumama jaririn, a ba shi iskar oksijin. In hakin ya yi yawa ba a sa shi a mama, don gudun ƙwarewa. Sai a ba shi nonon uwarsa ta siririn bututu, ko a yi masa ƙarin ruwa. Galibi ya kan warware cikin kwana 1 zuwa 3.

To, amma a nan gizo ke saƙar. Ciwon huhu da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, masu iya kashe jariri dare ɗaya, da irin wannan hakin suke farawa. Ba ungozomar da za ta iya bambance su da ido, likita ma sai ya yi gwaji.

Saboda haka duk mai agogo a gida, ma'aikaci ko ɗalibi, yana da abin yi. Ya ƙidaya numfashin jaririn na minti ɗaya cur. In ya kai 60, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓɓansa sun yi shuɗi, a rufe shi a ƙirjin uwarsa a nufi babban asibitin Ikara ko na Makarfi, inda za a iya tura shi Asibitin Koyarwa na Shika, Zariya. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a turara masa hayaki, kuma kada a kira wanzami cire beli.