Yaron Zariya da ya kai Toronto ga kofi

A Zariya Masai Ujiri ya tashi, ko da yake a Ingila aka haife shi a 1970. Kamar sauran yaran unguwa, tamaula ce wasansa, sai da ya kai shekara 13 ya fara jefa ƙwallo a kwando. A garin ya haɗu da wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda ya daɗe yana horar da matasa a can, shi ya ɗora shi a hanya.

Ya je Amurka karatu, ya buga wa kwalejin Bismarck wasa, daga nan ya yi shekara shida yana wasan neman kuɗi a Turai, har da Ingila da Beljiyam. Bai zama tauraro ba. A 2002 ya ajiye wasa, ya koma horar da yara a Najeriya.

Nan ne labarin ya fi taɓa ni. Ya raka wani yaro ɗan Najeriya gwaji a Orlando, sai shugabannin ƙungiyar Orlando Magic suka lura yana da idon gane ɗan wasa. Suka ba shi aikin farauto masu hazaƙa, amma ba ko sisi. Ya karɓa. Da kuɗin aljihunsa yake hawa jirgi, ya kwana a ɗakin abokai, gari ya waye ya nufi wani filin. Mutum nawa ne cikinmu zai jure wannan?

Haƙurin ya biya. Denver Nuggets ta ɗauke shi da albashi, a 2010 ta damƙa masa ragamar ƙungiyar, ɗan Afirka na farko da ya hau irin wannan kujera a gasar NBA. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin gasar, ya koma Toronto Raptors. A 2018 ya yi kasada, ya ba da ɗan wasa DeMar DeRozan da magoya baya ke ji da shi, ya karɓo Kawhi Leonard. Ya sha suka. A watan Yunin 2019 Toronto ta doke Golden State ta ɗauki kofi, na farko a tarihinta.

Tun 2003 ya kafa Giants of Africa, yana tara yara yana koya musu wasan, daga baya ya shiga gina filaye a ƙasashen Afirka. Mu ma a nan, dogayen samari ba su ƙare ba a Madawa da Buza da Keita. Magadan garuruwanmu, ku zuba musu siminti, ku kafa kwanduna biyu, ku samo musu koci.