Lasin Giya A Nguru Da Gashuwa: Ƙofa Ta Rufe, Kasuwar Dawa Na Nan

Tun daga 1930, lokacin da layin dogo daga Kano ya isa Nguru, garin ya zama matattarar fatake da ma'aikata daga sassa daban-daban na Nijeriya. Cikin sana'o'in da suka kafu a unguwannin baƙi har da dafa burkutu, wadda galibi mata ke yi da jarin da bai wuce buhun dawa da manyan tukwane ba.

Dokokin Turawan mulkin mallaka sun taƙaita shigo da barasa Arewa, kuma sayar da ita sai da lasin. Tsarin Mulki na 1999 ya bar ikon bayar da wannan lasin da kula da cinikin giya a hannun ƙananan hukumomi, wato a nan Nguru da Bade, mai hedkwata a Gashuwa. To sai dai a 2000 Jihar Yobe, ƙarƙashin Gwamna Bukar Abba Ibrahim, ta rungumi Shari'ar Musulunci tare da haramta wannan ciniki. Ikon yana nan a takarda, amma babu lasin da za a bayar.

Ko da ma babu haramcin, da wuya mai dafa burkutu ta cika ƙa'idojin Hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993. Burkutu ba ya shiga kwalba, kuma yakan yi tsami cikin 'yan kwanaki, saboda haka ba abin da za a liƙa wa lambar rajista.

Ga ɗan kasuwa, abin dubawa shi ne dawar kanta. A 1988 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga ƙasashen waje, abin da ya tilasta wa manyan kamfanonin Legas da Kaduna komawa ga dawa. Tun daga nan hatsin da aka sani da tuwo da kunu ya zama kayan masana'anta, kuma ba giya kaɗai ake yi da shi ba: akwai abin sha marar bugarwa irin su Maltina. Sai dai kamfani ba kamar mai awo ba ne. Yana son iri guda, busasshe sarai, ba tsakuwa ba ƙwari, kuma mai tsirowa idan an jiƙa shi. Dillalin da ya gauraya farfara da kaura a buhu ɗaya, ko ya ajiye kaya a sito mai danshi, sai ya koma da lodinsa kasuwar Dawanau ya sayar a farashin abinci.