Kasuwar Ɗambatta da Yaran Iyayen Gida

Ranar Lahadi kasuwar Ɗambatta take ci. Tun daren Asabar manyan motoci ke jeruwa a bakin titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure ya nufi Daura, kafin hantsi kuwa babura da amalanke sun cika kowace kafa. Mutanen Makoɗa da Kunci da Ɓaɓura na shigo da gero da dawa da wake da gyaɗa, fatake na gangaro da shanu da tumaki, wasu tun daga Nijar.

A wannan yanki da wuya ka yi doguwar tafiya ba ka ga gida ba. Gona na manne da gona, ba saura, ba daji, sai kuka da ɗorawa da gawo tsaitsaye a tsakiyar shuka. Tun a shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin yadda ƙasar Kano ke ɗauke da wannan cunkoso ba tare da ta gaji ba. Taki ne da aiki tuƙuru. Amma gado ya ci gaba da yanka gonaki, damina kuma wata huɗu ce. In ka cire masu noman rani da kamun kifi a dam ɗin Tomas, magidanci kaɗan ne rumbunsa ke kai shi shekara. Dole kowa ya riƙe sana'a, kuma mafi yawa a kasuwa suka koye ta.

A kara abin ya fi fitowa fili. Yaron dillali da riƙon igiya yake farawa. Shi ne kora, shi ne shayarwa, shi ne tsayuwa cikin rana, bakinsa a rufe. Sannu a hankali ya ga yadda ubangidansa ke buɗe bakin sa ya karanta shekarunsa a haƙora, ya danna tozo, ya duba hanci da kashi ko akwai ciwo. Ya san Bunaji da Rahaji da Bokolo, ya bambance Balami da Uda tun daga nesa. Babu wanda ke zaunar da shi ya yi masa bayani. In ya yi tambaya a gaban mai saye ma, harara zai sha. Sai an daɗe ake barinsa ya buɗe baki.

"Alhaji, taya mana."

Alhaji ya taya. "Albarka," in ji yaro, yana satar kallon ubangidansa. Sanin lokacin da za a ce albarka da lokacin da za a sallama, wannan kaɗai na cin shekaru. Duk da haka ba shi ne babban karatun ba. Dillali na cin la'ada ne saboda ya tsaya wa mai saye cewa dabbar ba ta sata ba ce, ya tsaya wa mai dabba cewa kuɗinsa za su fito. A zamanin nan na ɓarayin shanu, dillalin da bai san wanda ya kawo masa kaya ba, bai san rugarsa da danginsa ba, wata rana zai kwana a hannun hukuma. Don haka ubangida ya fi sa ido a kan amanar yaro fiye da kaifin bakinsa. Zai aike shi da kuɗin da ya riga ya ƙirga, ya yi kamar bai ƙirga ba.

A layin masu awo hannu ne ke karatu. Yaro ya koyi cika tiya ya yi mata tozo daidai, ya san buhu kwano 40 yake ci, ya ciji ƙwayar wake ya gane ko ta bushe, ya tona ƙasan buhu don kada a yi masa algus kafin motar Dawanau ta yi lodi. Gaskiya ɗaya ce: inda ya koyi wannan, nan kuma yakan koyi bubbuge gindin kwano, idan ubangidan ba mai tsoron Allah ba ne. Kasuwa ba ta tace abin da take koyarwa.

Ƙira da fawa da wanzanci har yanzu gado ya fi yawa a cikinsu. Ɗan maƙeri da zuga-zugi yake farawa kafin a ba shi guduma. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa kuwa daga cikin gidaje suke fitowa a kan 'yan talla, waɗanda suka iya lissafin canji tun ba su iya rubuta sunansu ba. Ranar talla da yawa ranar fashin makaranta ce, wannan kuma asara ce da ribar ƙuli-ƙuli ba ta biya.

Sababbin sana'o'i ma tsohuwar hanya suka bi. Gyaran waya, walda, haɗa sola, da sana'ar POS da ta yawaita tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, duk haka ake shigarsu: uba ya kamo hannun ɗansa ya kai rumfa, ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, amana na ba ka." Ba takarda, ba wa'adi. Yaro na samun na abinci da ɗan ihsani, yana jiran ranar da za a yaye shi a ba shi jari ko kayan aiki. A nan raunin tsarin yake. Akwai wanda ya yi gemu a rumfar ubangida ba a yaye shi ba, kuma ba inda zai kai ƙara.

A garin nan akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, tana ba da shaidar karatu, kuma tana da amfaninta. Amma masu rabon keken ɗinki bayan horon 'yan kwanaki su zo kasuwa su duba. Wanda ya shekara biyar a gindin tela ya riga ya iya, keke kawai ya rasa. Hukuma da masu hali su nemi irin waɗannan yara ta hannun shugabannin sana'a su ba su jari, shugabannin kuma su sa wa iyayen gida wa'adin yaye.