Bayanin Alamomin Gafiya a Tsakar Gida da Garka

 Ina nufin in yi muku bayani a kan wata maƙwabciya wadda take zaune tare da mu ba da izninmu ba, watau gafiya, wadda ake kiran ƙaton namijinta burgu.

Dalilin wannan magana kuwa, a kakar bara wani attajiri maƙwabcina a Sabon Garin Jega ya zo mini da fushi, ya ce gyaɗarsa da dabinonsa suna raguwa kowane dare, har sabulun matarsa ya ɓace, kuma ba ya zargin kowa sai almajiraina. Na ce ya yi mini haƙuri kwana ɗaya. Da almuru na barbaɗa toka a gindin katangar ɗakin ajiyarsa. Da gari ya waye muka ga sawu mai yatsu, da jan wutsiya a tsakani, ya nufi bayan rumbu. Aka haƙa, sai ga ɓawon gyaɗa tuli, da ƙwallayen dabino, da guntun sabulun. Da an yi gaggawa, da an doki yaro a kan laifin dabba.

Ku sani gafiya ba ɓera ba ce. Tsawonta har da wutsiya yakan kusa kamu 2, nauyinta yakan wuce kilo 1, kuma ƙarshen wutsiyarta fari ne. Tana da zabira a cikin kumatunta, a nan take cusa abinci ta kai rami ta tara, shi ya sa Bahaushe ya ce gafiya tsira da na bakinki. Ganinta ba shi da ƙarfi, amma hancinta ya kai matuƙa, kuma da dare take yawo. Cikinta kamar wata guda ne, takan haifi 'ya'ya har 4 ko 5, saboda haka wanda ya ƙyale ɗaya bana zai iske zuriya baɗi.

Alama ta fari ita ce bakin rami mai faɗi, wanda dunƙulen hannu zai shiga, a gindin katanga ko ƙarƙashin rumbu ko tsohon suri ko saiwar itace, da sabuwar ƙasa a zube gabansa. Ramin yakan yi ƙofa fiye da ɗaya, don haka in kun ga guda ku nemi 'yar'uwarta. Ta biyu, hanya ce siririya wadda ta yi sumul a bin bango, domin turba ɗaya take bi kullum. Ta uku, kashinta baƙi ne, dogo, ya fi na ɓera girma nesa. Ta huɗu, shuka a garka ta yi yaushi alhali ba ta rasa ruwa ba, in an ja rogon ko dankalin sai a iske an cinye shi daga ƙasa. Ta biyar, ƙasa ta riƙa lotsawa ƙarƙashin ƙafa, ko ruwan da aka zuba ya zurare wuri ɗaya. Masu lambun albasa na Aliero da na fadamar Gulbin Zamfara su lura da wannan, in fangali ya ƙi riƙe ruwa a duba gefensa.

Sai dai ba kowane rami ne nata ba. Kurege da rana yake fita, a fili ake ganinsa yana tonon gyaɗa. Ramin gyare ƙarami ne kamar yatsa. Na ɓera bai kai rabin nata ba. Ramin da gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, mai shi ya tashi, amma kada kowa ya zura hannu, gama maciji yakan gaji gidan da bai gina ba. A ƙasar Amurka akwai wata dabba mai irin wannan zabira a kumatu, suna ce mata gofa. Ita takan turo ƙasa ta yi tudu mai siffar jinjirin wata, ta toshe bakin ramin. Ba mu da ita a nan.

Ɓarnarta ba a hatsi kaɗai take ba, har da gini. Ruwan Agusta in ya sami raminta sai ya jiƙa tushen katangar ƙasa daga ciki, bango ya faɗi cikin dare a kan masu barci. Akwai kuma sha'anin lafiya. A shekarar 1969 aka gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa na ƙasar Borno, wani ƙaramin ɓera mai nonuwa da yawa ke ɗauke da shi. Gidan da gafiya ta sami ƙofa, shi ma ya samu.

Maganin abin, a kafa tarko a kan turbarta. In an kama ta, a cika ramin da tsakuwa da fasassun tukwane, a daɓe da siminti kafin damina. Fatake su ɗora buhuna bisa katako, nesa da bango, a share ɓawo da dusa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kada a zuba guba inda yara da kaji suke kai da kawowa, kada kuma a yi mata hayaƙi kusa da jinka ko rumbu, don kada a kori ɓarawon mudu ɗaya a ƙone abincin shekara.

Duk da haka ba a rasa ta da amfani ba. A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya ƙungiyar APOPO tana horar da danginta su shinshino nakiyar da aka binne, da cutar tarin fuka a cikin majina. Wani burgu mai suna Magawa har lambar zinariya aka ba shi a 2020 saboda aikinsa a Kambodiya.

To, wanda abu ya ɓace masa a ɗakin ajiya, ya fara barbaɗa toka kafin ya ambaci sunan ɗan wani.