Shin Ko Kun San? Ciwon Sukarin Yara Kafin Zuwan Na'urar Gwaji

Shin ko kun san kiyashi ya riga na'ura gano ciwon sukari? Likitocin Indiya na zamanin da sun lura yana yanyame fitsarin mai ciwon. Ibn Sina ma ya ambaci zaƙin fitsarin. Alamar tana nan har gobe, a Roni take ko a Gwiwa.

Shin ko kun san nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, ba shan zaƙi ke kawo shi ba? Jiki ne ke daina samar da insulin. Kafin 1922 babu magani sai horon yunwa, a riƙa ba yaro 'yar lomar da ba ta kai ta kawo ba, ya rame kamar kara, kuma da wuya ya yi nisan kwana.

Shin ko kun san a 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka tato insulin a birnin Toronto na Kanada? A Janairun 1922 aka fara yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14, allurarsa, ya kuwa farfaɗo.

Shin ko kun san a da dafa fitsari ake yi kafin a san inda aka kwana? A ɗiga ɗigo takwas cikin wani shuɗin ruwa mai suna Benedict, a ɗora bisa wuta. In ya tsaya shuɗi, lafiya lau. In ya koma kore ko rawaya, sukari ya hau. In ya yi ja kamar jan bulo, abin ya yi ƙamari. Na'urar auna sukarin jini ba ta fito ba sai wajen 1970.

Shin ko kun san a da sirinjin allurar insulin na gilas ne? Kullum sai an tafasa shi a tukunya. Allurar kuma in ta dakushe, a wasa ta a dutse a sake amfani da ita. Insulin ɗin kansa daga jikin shanu da aladu ake tatso shi, har 1982 da aka fara sayar da irin na ɗan Adam. Allura mai siffar biro ta zo a 1985.

Shin ko kun san zafi na kashe ƙarfin insulin? Inda babu firji, ana ajiye kwalbar cikin tukunyar ƙasa mai sanyi. Dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, Malam Mohammed Bah Abba ne ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa don adana kayan miya, har ta ba shi kyautar Rolex a 2000. A ƙasashe masu zafi irin su Sudan, da irinta ake sanyaya insulin.

Iyaye a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, in kun ga yaro yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan fitsari har a shimfiɗa, yana ci yana ramewa, ku kai shi asibiti a ranar. Babu saiwa ko sassaƙen da zai maye gurbin insulin. Gwajin da a da ake hura masa wuta, yau ɗigon jini ɗaya ne.