Sayen sabuwar akori-kura: takarda ce shaidar mai gaskiya

In albasar rani ta yi kuɗɗi a Galmi da Madawa, ko wake da aya sun yi daraja a jihar Maraɗi, ƙungiyoyin manoma su kan yi shawarar sayen motar ɗaukar kaya, wadda a ke kira akori-kura. Dalili a fili ya ke. Kuɗɗin haya na cinye riba, kuma albasar da ta daɗe bakin hanya tana jiran mota ruɓewa ta ke. Amma sabuwar mota miliyoyin sefa ce, gumin gari guda na shekaru. In aka faɗa hannun macuci, ba mota, ba kuɗɗi, ga kuma rigima cikin ƙungiya.

Su wa ke saida mota?

Masu saidawa iri biyu ne. Akwai wakilin kamfanin da ya ƙera motar. Misali, gidan CFAO na Yamai shi ne wakilin Toyota a Nijar. Akwai kuma ƴan kasuwa masu shigo da motoci da kansu daga ƙasashen waje. Cikinsu akwai masu amana, akwai kuma masu yi wa tsohuwa fenti su ce sabuwa ce. Daɗin baki ba ya raba su. Takarda ke raba su.

Lambar shasi

Kowace mota tana da lambarta, wadda babu wata mota mai irinta. Tun 1981 lambar ta zama haruffa da alƙaluma 17. Ana buga ta a jikin ƙarfen shasi, tana kuma cikin takardu. Dole ta jikin mota ta zama ɗaya da ta takardar duwan da ta kartagiris. Harafi guda in ya saɓa, a fasa ciniki.

Farkon lambar na faɗin ƙasar da aka ƙera motar. Hilux mai farawa da AHT daga Afirka ta Kudu ta ke. Mai farawa da MR0 daga Tailan ta ke. Mai gaskiya ba ya jin haushi in mai saye ya durƙusa yana duba lamba.

Taya ba ta ƙarya

Ana iya maida agogon kilomita baya, don haka ba shi kaɗai a ke dubawa ba. A gefen kowace taya akwai alƙaluma 4 masu nuna lokacin da aka yi ta. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2324, to an yi tayar a sati na 23 na shekara ta 2024. Motar da aka ce sabuwa, amma tayunta kowace da shekararta, tana da labarin da ba a faɗa ba.

Takardun da a ke karɓa

Na farko takardar ciniki, mai sunan gidan, da hatimi, da lambar haraji da a ke kira NIF, da kuɗɗin da aka biya duka. Na biyu takardar duwan, don motar da ba a biya wa duwan ba ana iya kama ta a hanya. Na uku garanti a rubuce: shekara nawa, kilomita nawa, kuma a wane gareji za a yi gyaran. Garantin baki iska ne. Kuɗɗi kuma gara a biya ta banki, da sunan gidan, ba a hannun dillali ba.

Bayan ciniki

Ranar da mota ta lalace a ke sanin mai saidawa na kirki. Kafin a biya, sai a tambayi direbobin tasha: wannan gida na da kayan gyara? Suna karɓar mutum in ya dawo da matsala? Wanda ya ce a biya yau don gobe wani zai ɗauke, a bar shi. Sauri ya haifi nawa.

Ƙungiyar da ta yi dabara mutum uku ta ke aikawa: ma'aji, da makanike amintacce, da wanda ya iya karatu. A nan ne yaƙi da jahilci ke nuna amfaninsa. Manomin da ya iya karanta alƙaluma 17 da idonsa, wuyar cuta gare shi.