Gaskiya ko Jita-jita: Nakasassunmu a Gasar Duniya

A Augie, kamar sauran garuruwan Kebbi, idan aka ambaci gwarzon wasa sai hankalinmu ya tafi ga ɗan kokawa ko ɗan ƙwallo. Da wuya mu tuna da wanda ke kan keken guragu.

"Gasar nakasassu ta tausayi ce, kowa ana ba shi kyauta"

Ba haka ba ne. Gasar Paralimfik tana da alƙalai da ƙa'idoji masu tsauri, kuma ana raba 'yan wasa rukuni-rukuni gwargwadon lalurarsu domin a yi adalci. A Paris a 2024, 'yar Najeriya Folashade Oluwafemiayo ta kwanta a kan benci, ta sauko da ƙarfe mai kilo 167 zuwa ƙirjinta, ta tura shi sama, ta kafa tarihin duniya. Nauyin ya haura buhu uku na shinkafa mai kilo 50.

Abin da ya sa wannan zato ya kama mu shi ne inda muka saba ganin nakasassu: ƙofar masallaci da bakin kasuwa, hannu a miƙe. Da muka ji an ba su lambar yabo, sai muka ɗauka ita ma sadaka ce.

"Ba su ciyo wa ƙasa komai ba"

Tun zuwan Najeriya na farko, a Basilona a 1992, suka dawo da zinare 3. A Landan a 2012 sun samu lambobi 13, alhali tawagar Olamfik ta dawo hannu rabbana. A Riyo a 2016 sun ci zinare 8, tawagar Olamfik kuwa tagulla ɗaya ta samu. Mun rasa labarin ne domin shirye-shiryen wasanni a rediyo sun fi karkata ga ƙwallon Turai, kuma wannan rashin adalci ne gare su.

"Harkar 'yan Kudu ce"

Akwai ƙamshin gaskiya, domin mafi yawan zakarun daga can suke, inda masu horarwa suka fi yawa. Amma ƙwallon guragu a Kano aka ƙirƙiro ta: Misbahu Lawan Didi ne ya fara ta a 1988. Waɗanda shan inna ta shafa suna zama a kan katako mai ƙananan tayoyi, suna buga ƙwallo da hannu. Wasan bai shiga Paralimfik ba tukuna, amma ana gasarsa tsakanin jihohi, musamman a lokacin bikin ranar yaƙi da shan inna ta duniya, 24 ga Oktoba.